Yawon Ƙofofin Zariya a Wuni Guda

A ƙasar Italiya akwai ƙauyuka biyar a bakin teku, ana ce da su Cinkwe Tere, waɗanda matafiya kan isa cikin jirgin ƙasa, sa'an nan su bi tsakaninsu da ƙafa. Zariya ba ta da teku, amma tana da ƙofofi, kuma titin dogo ya iso ta tun 1911.

Mai niyyar irin wannan yawo ya kamata ya fara tabbatar da ranar da jirgi ke tafiya da lokacin komawarsa, domin a kan wannan zai auna wuninsa. Daga tashar Sabon Gari sai ya haye Kubanni, ya ratsa Tudun Wada, ya shiga birni ta Ƙofar Doka tun rana ba ta take ba. Ya tsaya a Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarim, kana ya bi ganuwa zuwa Ƙofar Gayan, da gorar ruwa a hannu.

Ganuwar nan kuwa tana zaizayewa, gine-gine suna cinye ta. Mai wucewa a mota ba ya lura. Mai tafiya a ƙasa shi ke gani, shi kuma zai iya rubuta abin da ya rage kafin ya shuɗe.