Kara-Kara da Wutar Janairun 2015

Kara-Kara unguwa ce a gefen birnin Damagaram, inda tun da daɗewa aka keɓe kutare da sauran waɗanda gari ya ƙyamata.

Ranar 14 ga Janairun 2015, mako guda bayan harin da ya halaka mutum 12 a ofishinta na Paris, jaridar Charlie Hebdo, wadda ba ta ragar wa kowane addini, ta sake buga zanen da ta danganta ga Annabi Muhammadu (S.A.W.). Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan saukowa daga masallaci, aka banka wa majami'u da cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Damagaram wuta. Kashegari tarzomar ta kai Yamai. Mutum 10 suka rasu cikin kwana biyu.

Masu zane ba su auna ciwon mai imani ba, masu tarzoma kuma suka huce a kan Kiristan da bai zana kome ba. Da ƙura ta lafa, sai aka yi ta nuna samarin unguwanni irin Kara-Kara da yatsa, alhali rashin aiki da ƙyamar da suka taso cikinta suna nan ba magani.