Hotunan tauraron ɗan Adam da rijiyoyin Tenhiya: an ga mai, saura ruwa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen dabbobi a ƙasar Tenhiya, cikin gundumar Tanut, ya san yadda ake shayarwa da bazara. Raƙumi ko sa ne zai ja igiya ya yi ta tafiya kafin wasaki ya iso bakin rijiya, ga garke na layi tun asuba. Idan rijiya ta ja baya, makiyayi ya tashi, mai nono ta rasa na sayarwa, dillali kuma ya tarar da dabbar da ba ta da nama. Saboda haka maganar abin da ke ƙarƙashin ƙasar Damargu magana ce ta kasuwa, ko da yake masana duwatsu ne suka fi yin ta.

Abin da masanan suka gano shi ne, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage a gabashin Nijar. Tsakiya ta lotsa, yashi da laka suka yi ta taruwa a ciki har kaurinsu ya wuce kilomita 10. Wannan shi ne kwarin Tarmit, gabas da Tenhiya, kuma a cikinsa ne man Agadem yake. A 2008 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, a 2011 aka buɗe matatar SORAZ a Ollelewa, wato cikin gundumar Tanut ɗin, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana.

To ina ruwan tauraron ɗan Adam a nan? Tsagewar ƙasa takan bar tabo miƙaƙƙe, wani lokaci na kilomita da dama, wanda mai tafiya a ƙasa ba zai lura da shi ba. Daga sama kuwa sai a ga ƙorama ta bi layi ɗaya kamar an ja da zare, ko bishiyoyi sun jeru, ko launin ƙasa ya sauya farat ɗaya. Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka ke ɗaukar irin waɗannan hotuna, kuma daga 2008 kyauta ake samunsu. Akwai kuma na'urar rada, wadda kan ratsa busasshen yashi kaɗan; da ita aka hango tsofaffin koguna da rairayi ya binne a hamadar Masar a 1981. Amma kada mai karatu ya ɗauka hoto ne ya tono man Agadem. Hoto yana nuna inda ya kamata a duba ne kawai, sai an bi da awon girgiza a ƙasa da haƙa mai tsada, aikin da kamfanonin Turawa suka fara tun shekarun 1970.

Wata za ta ce, tunda ƙasar a tsage take, ko wata rana za ta girgiza da mu? Tsagar Tarmit tsohuwa ce, ta daɗe da lafawa. Mai rai tana gabashin Afirka: a 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta buɗe tsawon kilomita 60 cikin ƴan makonni, kuma da rada daga sama aka auna yadda gefunan suka rabu har mita 8.

Abin da ya fi shafar mu shi ne ruwa, domin tsagar dutse hanyar ruwa ce. Birnin Damagaram na zaune a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga, shi ya sa ƴan garuwa ba su taɓa rasa ciniki a can ba. A Damargu kuwa ruwan na nan cikin dutsen yashi, sai dai yana da zurfi, laka ta rufe shi. Kuskuren wuri ɗaya na nufin miliyoyin sefa sun tafi a rami busasshe. Wani Bafaranshe, Alain Gachet, ya haɗa hotunan rada da taswirar duwatsu ya nuna inda za a haƙa wa ƴan gudun hijirar Darfur rijiyoyi a gabashin Cadi a 2004, aka kuwa samu ruwa. A 2013 aka yi shelar ya gano babban ruwa a Turkana ta Kenya, amma da aka gwada daga baya sai aka tarar akwai gishiri a wani sashensa. Hoto bai ɗanɗana ruwa.

A nan Nijar, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ta daɗe tana bin damina da ciyawa ta hotunan sama. A ganina, idan magajin gari ko wata ƙungiya suka zo da batun sabuwar rijiya a Tenhiya ko kwarin Tarka ta Belbeji, ya kamata shugabannin ƴan kasuwa da na makiyaya su tambaya: an duba hoton wurin? An yi awo a ƙasa? Za a gwada ruwan kafin a biya ɗan kwangila?