Yoyon iska: Ɗan tiyon da ke sa masu mota kashe kuɗi a banza

Mota tana karkarwa idan an tsaya a danja, sulo yana hawa yana sauka, wani lokaci ma ta mutu a cunkoso, amma da an taka totur sai ta miƙe. Masu mota da dama kan canza fulogi, su wanke nozul, har su sayi sabon famfon mai, matsalar tana nan daram. Sau da yawa laifin na wani ɗan tiyon roba ne da ya tsage.

Injin fetur yana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. A yawancin motocin zamani sensa ce ke auna iskar, kwamfutar mota ta ba da mai daidai da awon. Idan wata iska ta sato hanya ta tsaga, lissafin ya rushe. Abin ya fi muni a sulo, domin lokacin ne zuƙar inji ta fi ƙarfi. Kwamfuta kan ƙara mai don cike giɓin, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Tsofaffin motocin Kwatano sun fi fama da matsalar, saboda zafi da shekaru suna busar da roba.

Yadda ake gano wurin

Kanikawa kan fara da kunne: a bar inji a sulo, a saurari ƙarar huci. Sai a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana lanƙwasawa, musamman babban tiyon iska, wanda tsagarsa ke ɓuya a cikin lanƙwasa.

Idan ba a gani ba, a fesa ruwa kaɗan a mahaɗar tiyo da gaskit ɗin manifol. Inda sautin inji ya canza, nan ne. Wasu kan fesa fetur, amma gobara ce a kusa da inji mai zafi.

Na'urar gwaji kan nuna lamba P0171 ko P0174, wato iska ta rinjayi mai. Lambar ba ta faɗin wurin tsagar. Injin hayaƙi ne ke nunawa: a kashe mota, a tura hayaƙi cikin manifol, a ga inda yake fita.

Birki ma yana ciki

Zuƙar nan ce ke sa birki laushi. Idan tiyonsa ya tsage, birki zai yi tauri, mota ta yi nisa kafin ta tsaya. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe inji, a taka birki sau 5, a riƙe, sannan a tayar. Ya kamata birkin ya ɗan nutsa. In bai nutsa ba, gareji ya kamata motar ta nufa kafin ta hau babbar hanya.