Daga Faris zuwa Argungu: Yadda Tseren Motoci Ya Faro

Daga nan Abuja muke gabatar muku da shirinmu na musamman, kuma yau tseren motoci za mu waiwaya.

Ranar 22 ga Yuli, 1894, motoci 21 suka tashi daga birnin Faris suka nufi Rouen, tafiyar kilomita 126. Wata jarida mai suna Le Petit Journal ce ta shirya gasar. Wanda ya fara isa shi ne wani basarake, de Dion, a cikin motar da ke aiki da tururi, yana gudun kilomita 19 a awa. Ai mai Keke Napep ma sai ya bar shi a baya a kan titin Kubwa. Duk da haka ba a ba shi babbar kyautar ba, domin motarsa sai da mutum na biyu mai zuga mata wuta. Alƙalai sun ce abin da suke nema shi ne mota marar haɗari, mai sauƙin tuƙi, wadda ba ta cin kuɗi. Sai suka raba kyautar tsakanin kamfanoni biyu masu injin fetur: Panhard et Levassor da Peugeot.

Ku riƙe wannan suna na biyu, za mu dawo kansa.

Abin da masu ƙera mota suke son nunawa a lokacin shi ne juriya: wannan ƙarfen zai kai mutum inda ya nufa ba tare da ya mace a hanya ba? A 1895 Émile Levassor ya tuƙa daga Faris zuwa Bordeaux ya dawo, kusan kilomita 1,200, cikin kusan awa 49, kusan ba barci. Da injuna suka ƙara ƙarfi, sai gudu ya fara cin rai. A 1903 hukuma ta tsayar da tseren Faris zuwa Madrid a Bordeaux bayan haɗurran da suka ci rayukan mutane, ciki har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Renault. Daga nan aka soma komawa rufaffun hanyoyi.

Masu gwajin juriya kuwa sai suka juyo wajenmu, inda hanya ke da rairayi da galan. A 1974, shekarar da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya, aka shirya wata doguwar gasa daga Landan, a ratso Sahara ta Aljeriya da Nijar har Kano, sannan a juya zuwa Munich. Motoci 70 suka tashi, 19 suka isa. Da yawa sun yi ɓatan kai a hamadar Aljeriya, 'yan kaɗan ne suka cika zangon gaba ɗaya. Wasu 'yan Ostareliya ne suka yi nasara da Citroën, mota ta biyu kuma Peugeot 504 ce, wata Bafaranshiya, Christine Dacremont, ke tuƙa ta.

To, ga Peugeot, wato Fijo, ta dawo. A 1975 ita 504 ɗin ta lashe gasar Safari a Kenya, kuma a shekarar ce aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Tsofaffin direbobin tasha da suka yi jigilar Kano zuwa Legas da ita ba su buƙatar wani ya gaya musu ƙarkonta. A ganina, alƙalan 1894 da waɗannan direbobi ma'auni ɗaya suke riƙe da shi, kuma ya fi na matasan da ke juya mota a kwalta da daddare har taya ta yi hayaƙi.

'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu ganin wannan harka. Thierry Sabine ya ɓace a hamadar Tenere a 1977 yana kan babur, ya tsira, ya koma gida ya kafa gasar Faris zuwa Dakar. An tashi karon farko ranar 26 ga Disamba, 1978, aka bi ta Agadas da Yamai. Matsalar tsaro ta sa aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, yanzu kuma a Saudiyya ake yin ta tun 2020.

A shekarar 2020 ɗin ne kuma, cikin watan Maris, ayarin gasar motoci ta Argungu ya tashi daga nan Abuja zuwa bikin kamun kifi a Jihar Kebbi, da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Hukumar NADDC ce ta jagoranta, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka.

Lokaci ya cim mana. Sai wani makon idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.