Yadda Ake Saita Giyoyin Motar Tsere Mai Rimot Ba Tare Da An Ƙona Inji Ba

Duk wanda ya sayi motar tsere mai rimot, ba ya daɗewa sai ya fara neman yadda zai ƙara mata gudu. Mafi yawa sukan sayi batir mai ƙarfi ko giya mai haƙora da yawa su ɗaura, bayan minti goma kuma inji ya fara ƙauri ko haƙoran giya su kakkarye. A yau za mu yi bayanin yadda ake ƙara gudu ba tare da asarar kuɗi ba. Za mu ɗauki misali da Traxxas Slash mai ja da tayoyin baya, wadda kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka ya fitar a 2008. Girmanta kashi 1 cikin 10 ne na motar tsere ta gaske, kuma abin da za ka koya a kanta zai yi maka aiki a yawancin motoci irinta.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Wuta tana fita daga batir ta shiga na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, daga nan ta isa injin lantarki. A bakin injin akwai ƙaramar giya ta ƙarfe, ita ke juya babbar giya wadda galibi ta roba ce. Babbar giya tana haɗe da kuloci mai zamewa, sai akwatin giya, sai giyar da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, sai shaf biyu da ke kai juyin ga tayoyi. Duk abin da ka ƙara wa ƙarfi a farkon wannan layi, nauyinsa zai sauka a kan abin da ke biye da shi. Shi ya sa ake gyara bi da bi.

Lissafin giya

Lissafin ba shi da wuya, kalkuletar wayarka ta isa. Ka raba adadin haƙoran babbar giya da na ƙarama, sannan ka ninka da lissafin cikin akwatin giya. A wannan Slash ɗin lissafin cikin akwati 2.72 ne. A ce babbar giyarka tana da haƙora 90, ƙarama kuma 16: 90 a raba da 16 ya ba da 5.63, a ninka da 2.72 ya zama kusan 15.3. Ma'ana sai inji ya juya sau 15.3 kafin taya ta juya sau ɗaya.

Idan ka sa ƙarama mai haƙora 19, lambar za ta sauko zuwa kusan 12.9. Motar za ta fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma tashinta zai yi nauyi, inji zai ja wuta da yawa, zafi kuma ya ƙaru. Idan lambar ta hau, za ka samu saurin tashi da inji mai sanyi, sai dai ƙarshen gudun zai ragu. A filin tsere mai kwana da yawa, ko cikin yashi da ciyawa, lamba mai girma ta fi amfani. Ka tuna kuma manyan tayoyi suna yi wa inji nauyi kamar yadda ƙara haƙoran ƙaramar giya ke yi.

Kafin ka sayi giya, ka duba girman haƙorinta, wanda masu sayarwa ke rubutawa 48P ko 32P. Dole giyoyin biyu su zama iri ɗaya. Haƙoran 32P sun fi kauri, sun fi jure ƙarfi.

Zafin inji ne zai gaya maka gaskiya

Bayan kowane canji, ka tuƙa motar minti 5, ka tsaya ka auna zafin inji da na ESC. Masu tsere da yawa suna ƙoƙarin kada zafin inji ya wuce digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Salshiyas, domin zafi mai tsanani yana raunana maganaɗisun da ke ciki, kuma wannan rauni ba ya gyaruwa. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake nuna wa abu daga nesa ya isa wannan aiki. Idan rimot ɗinka TQi ne, ana iya saka masa na'urar Bluetooth, a saka wa motar na'urar auna zafi, sai ka riƙa gani a manhajar Traxxas Link a wayarka.

Ka riƙa ƙara haƙori ɗaya ko biyu kawai a lokaci guda. Ka kuma lura da yanayi: saitin da ya yi wa wani daidai a ƙasa mai sanyi zai iya dafa injinka a rana mai digiri 40 a watan Afrilu. A irin wannan lokaci ka rage haƙori ɗaya ko biyu.

Tazarar haƙora da kuloci

Idan giyoyin biyu suka matse da yawa, inji zai wahala ya yi zafi. Idan suka yi sako-sako, haƙoran roba za su cinye. Dabarar da aka saba ita ce a sassauta sukurorin inji, a cusa siririyar takardar littafi tsakanin giyoyin, a matso da inji, a ɗaure, sannan a zare takardar. Ya kamata babbar giya ta ɗan yi motsi kaɗan idan ka riƙe ƙarama ka girgiza ta.

Shi kuma kuloci aikinsa ya zame kaɗan idan an ba mota wuta farat ɗaya ko ta dira daga tsalle, don kada bugun ya isa akwatin giya. A ƙasa mai riƙe taya, ya kamata ya zame na kimanin santimita 60 daga tashi sannan ya kama. Idan ka ɗaure shi tam, giya ko shaf ne zai karye. Idan ya yi sako-sako, zai yi zafi har ya narkar da tsakiyar babbar giya.

Me za a fara canzawa?

Na farko boris. Idan motarka ta zo da bushin a ƙafafu, ka mayar da su boris masu murfin roba, waɗanda ke hana ƙura shiga. Ba su da tsada, kuma suna rage gogayya nan take.

Na biyu inji marar burushi tare da ESC ɗinsa. Misali, Velineon 3500 yana juyi kusan 3,500 a minti a kan kowane bolt idan babu nauyi a kansa. Da batirin LiPo mai sel 2, wato bolt 7.4, juyin ya kai kusan 25,900. Da mai sel 3, wato bolt 11.1, ya haura 38,000. Wannan ƙarin kashi 50 cikin 100 ne, don haka idan ka koma sel 3, ka rage haƙoran ƙaramar giya kafin ka fara gwaji. Ka kuma kunna saitin ESC da ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, domin LiPo yana lalacewa idan sel ya sauka ƙasa da kimanin bolt 3.

Na uku shaf na ƙarfe, idan na roba sun fara murɗewa. Amma babbar giyar roba, gara ka bar ta yadda take. Ita ce mafi araha da sauƙin canzawa a duk layin, kuma idan wani abu ya maƙale ita ke fara karyewa ta ceci akwatin giya da inji.

Ka buɗe shafi a wayarka ka riƙa rubuta haƙoran giya, irin batir, zafin da ka auna da kuma filin da ka yi gwaji. Bayan gwaji 4 ko 5 za ka ga saitin da ya dace da motarka da filinka, kuma za ka san ainihin abin da ya kamata ka saya na gaba.