KA SAUKO WURIN YARA

Karatu: Markus 10:13-16



Kowace shekara idan dogon hutu ya zo, ikkilisiyoyi da yawa sukan shirya makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu domin yara. Akan yi mako ɗaya ko biyu, daga safe zuwa tsakar rana. Akan raba yara bisa ga shekarunsu, a koya musu labarin Littafi Mai Tsarki, da ayar haddacewa, da waƙa, sa'an nan a yi wasa. Yara ba sa wuyar samu, ko ba a kira su ba za su cika majami'a. Abin da yake wuya shi ne manya. In aka yi sanarwa ana neman masu taimako, sai kowa ya sunkuyar da kai, a bar wa malaman makarantar Lahadi biyu ko uku yara masu yawan gaske.

Me ya sa haka? Wani ya ce bai iya koyarwa ba. Wata ta ce ba ta yi karatu mai zurfi ba. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, wato girma. Dattijo ya saba a gaishe shi a durƙushe. Yaya zai zauna a tabarma, yaro ya ja masa riga, ya yi masa tambayar da bai san amsarta ba? Mun fi son wurin da muka saba, inda ba wanda zai ga kasawarmu.

Almajiran Yesu ma haka suka yi tunani. Da aka kawo yara domin ya taɓa su, sai suka tsawata wa masu kawo su, a ganinsu Malam ya fi ƙarfin wannan. Markus ya gaya mana Yesu ya ji haushi. Bai tsaya daga nesa ya yi musu addu'a ba, rungumarsu ya yi, ya ɗora musu hannu, ya sa musu albarka. In Ubangiji bai ga wannan ya rage masa daraja ba, girman wa muke tsaro?

A tarihin wannan aiki ma akwai irin wannan saukowa. A shekarar 1898, a birnin New York na Amurka, wata matar likita mai suna Hawes ta ga yaran matalauta suna yawo a titi lokacin hutu. Ta yi hayar wani ɗakin shan giya, ta tara su tana koya musu Maganar Allah har mako shida. Ba wurin da mace mai mutunci ta saba shiga ba ne, amma can yaran suke, can ta tafi.

Mai cewa bai iya ba, ya tuna da Musa. A Fitowa sura 4 ya kawo hujjar nauyin baki, Allah bai karɓa ba, amma ya ba shi Haruna ya taimake shi. Kai ma ba kai kaɗai za ka tsaya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ba kowa ne zai riƙe alli ba. Ana bukatar mai rubuta sunaye, da mai ɗebo ruwan sha, da mai raba abinci, da mai raka ƙanana gida. Ana bukatar kaka wadda za ta rarrashi mai kuka. A Yahaya sura 6, Andarawas bai ciyar da mutum dubu biyar ba. Ya dai lura da yaro ɗaya mai gurasa biyar da kifi biyu, ya gaya wa Yesu.

Mu sani fa, hutun nan ba zai wuce yaranmu ba su koyi kome ba. In ba mu koya musu ba, titi zai koya musu, abokai da waya za su koya musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga shawara. Kada ka jira a roƙe ka. Ka je wurin shugaban makarantar Lahadi a wannan mako, ka ce a ba ka aiki, ko na kwana biyu ne. Ka karanta darasin tun daren jiya. Ka koyi sunayen yara biyar, ka riƙa yi musu addu'a da suna. In yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce masa za ku bincika tare. Ka ajiye bulala a gida. Za ka gaji, muryarka za ta dushe, wataƙila su yi maka dariya ranar fari. Amma yaro ba ya manta babban da ya san sunansa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka kawar mana da tsoro da girman kai. Ka ba mu zuciya irin ta Ɗanka, domin kada mu zama masu tare wa yara hanyar zuwa wurinka. Cikin sunan Yesu. Amin.