Bajamushen da ya zana Kano bai taɓa taka ta ba

Duk wanda ya taɓa neman tsohon hoton Kano a intanet ya san wannan zanen: gari shimfiɗe a ƙarƙashin dutsen Dala, gidajen ƙasa da bukkoki, ga bishiyoyin dabino jefi-jefi. Ni ma shi na ɗora a bangon furojet ɗina na kammala difloma, na rubuta a ƙasa cewa Heinrich Barth ne ya zana. Malamin da ke duba min aikin ya ɗaga takardar, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce to in koma in karanta ƙananan rubutun da ke gindin zanen. Wallahi da na koma sai ga wani suna da ban taɓa ji ba: J. M. Bernatz.

An haifi Johann Martin Bernatz a 1802 a garin Speyer na ƙasar Jamus, a bakin kogin Rhein. Ya yi karatun zane a Biyana, daga baya ya zauna a Munik, inda ya rasu a 1878. Gwanintarsa ita ce zanen gine-gine da shimfiɗar ƙasa. Kuma mutum ne matafiyi. A 1836 zuwa 1837 ya bi wani malami, Gotthilf Heinrich von Schubert, zuwa Masar da Falasɗinu yana zana abin da suka gani. Daga 1841 zuwa 1843 kuma ya shiga tawagar da Ingila ta tura ƙarƙashin William Cornwallis Harris zuwa wurin Sahle Selassie, sarkin Shewa a ƙasar Habasha. Zanen wannan tafiya ya fito a littafi a 1852 da sunan Scenes in Ethiopia. Ka ga ke nan ya san rana da ƙura da ayarin raƙuma. Amma Kano dai, ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba.

To ta yaya ya zana ta? Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya je Kukawa, ya je Sakkwato, ya kai Tumbuktu a 1853, ya koma Turai a 1855. A lokacin an riga an ƙirƙiro kyamara, amma kaya ce mai nauyi da wahalar aiki, ba abin ratsa sahara da ita ba. Saboda haka Barth fensir yake sa wa a takarda, ya ja layin dutse, ya nuna inda ganuwa take, ya rubuta bayani. Da ya zo fitar da littafinsa mai juzu'i 5 a 1857 da 1858, da Jamusanci a Gotha, da Turanci a Landan, sai aka miƙa wa Bernatz waɗannan zayyanar. Shi ya mayar da su cikakkun hotuna, ya sa haske da inuwa, ya tsara mutane da dabbobi.

Hanyar da aka buga su ita ake kira litogirafi, wato bugun dutse, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munik a ƙarshen ƙarni na 18. Dabarar mai sauƙi ce: mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ana zane da alli mai maiƙo a kan lafiyayyen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen, sannan a shafa tawada. Tawadar ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi inda ruwa yake, sai a danna takarda. Kowane launi da dutsensa. 'Yan sashen ɗab'i, injin ofset ɗin da kuke fama da shi jikan wannan dutsen ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: in Barth ya bar gurbi a takardarsa, da me Bernatz zai cike shi? A ganina, da abin da idonsa ya saba gani, wato Habasha da Falasɗinu. Ba wai ƙarya ya yi ba, fa. Dala na nan inda yake, kuma Barth na raye ana aikin, littafinsa ne. Amma yadda wani ya naɗa rawani, ko yadda mai tulu ta tsaya, nan kam sai a yi hattara. Gani ya kori ji, shi kuwa Bernatz ji ya yi, sannan ya ba mu mu gani. Hoton ya bi ta idon baƙo ɗaya da hannun wani kafin ya iso mu.

Duk da haka ban cire shi daga bangon furojet ɗin ba. Yana cikin tsofaffin hotunan Kano da muke da su, shekara 52 kafin Turawan mulkin mallaka su ci garin a 1903. Rubutun ƙasan kawai na gyara: zanen Bernatz, daga zayyanar Barth.

'Yan uwana masu shirin fita, musamman 'yan zane da gine-gine, mu riƙa karanta ƙananan rubutun nan, don gobe sunanmu ne zai koma can gindin aikin wani. Sannan Dala na nan, kuɗin mota ne kawai. Ni dai na ɗaura niyyar in mun gama jarrabawa zan hau da fensir da takarda, in zana abin da na gani da idona, in sa kwanan wata da sunana.